Sabuwar furosesa a zafin Gombe

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, mutane da dama a nan Gombe suka shiga neman sauya laftof, domin Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesocin Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, zubi kuma shi ne matakinta a jerin fitowarsu. Ni ma na ajiye tsohuwata mai Core i5-7200U, na sayi wata siririya ta hannu mai Core i5-1235U, wato zubi na 12 da ya fito a 2022.

A takarda tazarar tana da yawa. Tsohuwar ƙwayoyin aiki (sassan furosesa da ke raba aiki a tsakaninsu) biyu gare ta, ita kuwa sabuwar goma ne: manya biyu na aiki mai nauyi, da ƙanana takwas masu tattalin wuta. Wajen buɗe manhaja da shafukan intanet ba ni da ƙorafi, domin kafin in ɗauke yatsa abin ya buɗe.

Sai dai akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Ko da yake an rubuta wa furosesocin biyu wat 15, sabuwar tana da damar jan wuta har wat 55 na ɗan lokaci idan aiki ya taso, kuma duk wutar da ta ja zafi take komawa. Idan zafin ya doshi digiri 100, furosesar da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Na fi ganin haka idan ina haɗa bidiyon biki da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kaiwa digiri 40: da farko aikin yakan tafi da sauri, sannan fanka ta ɗauki ƙugi, saman allon madannai ya yi zafin da ba a iya barin yatsa a kai, manhajar HWiNFO mai auna zafi da gudun na'ura kuma ta nuna gudun ya sauko ƙasa sosai da gigahaz 4.4 da ake tallatawa. Dalilin a fili yake, domin da iskar ɗaki fanka take sanyaya na'ura, kuma idan iskar kanta mai zafi ce, sanyayawar ba ta yin tasiri sosai.

Mai gyaran da na kai wa laftof ɗin a Tudun Wada ya buɗe bayanta, ya zaro wani dunƙulen ƙura daga bakin mafitar iska, ya ce, "Malam, wannan ai tarin ƙurar hunturu ne." Ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe mai janye zafi, ya shafa sabo. Ni kuma na daina ɗora ta a kan katifa, sannan na rage iyakar ƙarfin furosesa zuwa kashi 99 cikin ɗari a saitin wuta na Windows, wanda ke hana ta zaburar da ke jawo yawancin zafin. Gudun farko ya ragu, amma ba ya faɗuwa a tsakiyar aiki, kuma ni na fi son haka.

Duk wanda zai sayi laftof don aiki mai nauyi a garin nan, ya juya bayanta ya duba faɗin mafitar iska da kaurin jikinta kafin ya tambayi zubi, sannan ya roƙi mai shago ya bar shi ya ɗora mata aiki na kamar minti ashirin yana sauraron fanka.