Fallen Takardar Da Na Ƙi Bugawa

Yawancin aikin da ke shigowa maɗaba'armu na alheri ne: katin ɗaurin aure, kalandar saukar karatu, rasit na 'yan kasuwa, sai fosta idan zaɓe ya matso. Mu biyar ne a shagon, da inji biyu, ɗayan ma sai an lallaɓa shi yake tashi. Amma akwai aikin da na hana yarana karɓa ko ba na nan.

Wata Laraba wani bawan Allah ya shigo da fallen takarda, rubutun hannu. Kwafi dubu biyu yake so kafin Juma'a, a raba a ƙofar masallaci. Na karanta. Sunan wani mai sayar da hatsi ne ɓaro-ɓaro, har da lambar rumfarsa, wai yana tauye mudu, yana kuma cakuɗa tsohon gero da sabo. Ba sunan marubuci a ƙasa, kuma ya ce kada mu sa namu.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba da injina za a shafa wa mutum kashin kaji ba."

Ya ce zai ninka kuɗin. Na miƙa masa takardarsa.

Ƙanena lauya ne, a bakinsa na fara jin sunan wannan abu da Turanci: libel, ɓata suna a rubuce, saɓanin slander na fatar baki. Asalin kalmar ne ya tsaya mini a rai, don sana'ata ce tsundum a ciki. Daga Latin ta fito, libellus, wato ɗan ƙaramin littafi. Liber shi ne littafi. Da ta shiga Turanci, takardar bayani kawai take nufi, irin ta shigar da ƙara. 'Yan takardun cin mutunci da ake bugawa ana yaɗawa a Ingila su suka ja ta, har zuwa ƙarni na 17 ta zauna a kan ɓata suna.

Ya kuma nuna mini sashe na 392 na Final Kod ɗin Arewa, wato kundin dokokin hukunta laifuka, inda hukuncin ɓata suna ke iya kai ɗaurin shekara 2. Gaskiya ba tsoron kotu ne ya fi damuna ba. Na san inda takardunmu ke ƙarewa. Fostar da muka buga wa wani ɗan takara, bayan wata takwas na gan ta an naɗe mini ƙosai a ciki, sunansa raɗau duk da mai ya jiƙa ta. Haka ɗan mai hatsin nan zai je sayen ƙosai da safe, a miƙo masa sunan ubansa.