Ɗakin kwano, soron ƙasa da ruwan randa

Idan bazara ta kankama a watan Afrilu, zafin Kano da Sakkwato kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci soron kakata da ke cikin birni yana zaunuwa ko da ƙarfe biyu na rana, amma ɗakina na bulo da kwano, wanda ya fi shi cin kuɗi nesa ba kusa ba, sai bayan isha'i ake iya shigarsa.

Shi zafi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum tafiya yake daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, har sai sun daidaita. Kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, kuma idan suka ɗau zafi sai su ƙara kaɗawa, suna bugun na kusa da su, su ma su bugi na gaba. A cikin ƙarfe wannan miƙa-miƙar tana da sauri, ta ninka ta icce sau ɗaruruwa. Shi ya sa cokalin da aka bari cikin shayi ke ƙona yatsa, amma mai tuƙa tuwo tana riƙe da muciya har ta gama.

To kwano ƙarfe ne, kuma siriri. Hasken rana yana ratso sararin da ko iska babu, tafiyar kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, ya sauka a kansa. Nan da nan zafin ya ƙetare zuwa cikinsa, shi kuma kwanon ya riƙa feso huci ƙasa, kamar yadda garwashi ke dukan fuskarka ba tare da ka taɓa shi ba. Rufin soro kuwa ƙasa ce mai kauri a kan azara, katangar ma haka. Zafin yakan ɗauki sa'o'i yana ratsawa, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Da dare sai a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma, in hunturu ne kuma ɗumin nan shi ake nema da asuba. Waɗannan 'yan tagogi da magina ke bari can sama ma ba ado ba ne: iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sama take yi, ta nan take ficewa.

Wallahi raina yana ɓaci idan na ga an gina ɗakunan haya ko ajin makaranta an buga kwano ba silin. Iskar da ke tsare tsakanin kwano da silin tana cikin abubuwan da zafi ke shan wahalar ratsawa, silin ɗin kuma yana tare hucin. Yaro ba zai fahimci lissafi ba kansa na dahuwa. Ko farin fenti aka shafa wa kwanon, yana mayar da kaso mai yawa na hasken.

Randa kuma wata hanya ta bi. Jikinta na da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta ciki. Kafin ruwa ya bushe ya bi iska sai ya ɗebi zafi, ba kaɗan ba: lita ɗaya na bukatar kusan kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), fiye da ninki biyar na abin da zai kai ta daga digiri 0 zuwa tafasa. Daga ruwan cikin randar ake zaro wannan zafin, sai ya yi sanyi. A kan haka Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen tsumma a baki, don manoman da ba su da lantarki su adana tumatir da yalo da alayyahu. Aikin ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sharaɗin shi ne iska ta zama busasshiya, don haka a watan Agusta sanyin randa kan ragu. Kuma duk wadda ta shafa wa randarta fentin mai don kyau ta toshe ƙofofin nan. A bar ta da jikinta na ƙasa, a girke ta a inuwa inda iska ke wucewa.