Zirga-zirga a Brugge: abin da baƙo daga Sakkwato zai so ya sani kafin ya sauka

Brugge ƙaramin birni ne a arewa maso yammacin Beljiyam, mai mutane kimanin dubu 120. Tsohon garin da ke tsakiyarsa yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su tun shekarar 2000. Ɗan Sakkwato da taro ko kwas ya kai shi Brussels yakan samu yini guda ya leƙa can, kuma yini gudan ya isa, muddin bai ɓata rabinsa a tasha ba. A cikin garin kansa ƙafarka ce motarka. Inda baƙo ke shan wahala shi ne wajen tikiti, kaya da lokaci.

Filayen jirgi biyu ne ke ɗauke da sunan Brussels, sai ka duba takardarka da kyau. Babban shi ne na Zaventem, kuma tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin gininsa, sauka kawai za ka yi. Daga nan zuwa Brugge kimanin awa ɗaya da rabi ne, wani jirgin kai tsaye, wani kuma sai ka canza a cikin Brussels. Tikitin da ya tashi daga wannan tashar ya fi saura tsada domin akwai ƙarin kuɗin filin jirgi a cikinsa, kuma akwai ƙofar da ba ta buɗewa sai ka nuna mata lambar da ke jikin tikitin. Ɗayan filin, na Charleroi, yana can kudu nesa da birnin, jiragen masu araha ne suka fi sauka a can, kuma babu jirgin ƙasa a jikinsa, sai bas.

Wanda ya kwana a Brussels zai iya shiga daga kowace cikin manyan tashoshinta uku: Noord, Centraal, ko Zuid, wadda kuma ake rubutawa Midi. Tasha ɗaya ce mai suna biyu, domin Brussels tana rubuta komai da Faransanci da harshen Holan. Haka ma garin da za ka: wani allon zai ce Bruges, wani Brugge, amma da ka isa yankin sai Brugge kaɗai. Jiragen da suka nufi Oostende, Knokke ko Blankenberge galibi suna bi ta Gent sannan su tsaya a Brugge, tafiyar kusan awa ɗaya. Ka sayi tikiti a na'ura, a kantar sayar da tikiti ko a manhajar kamfanin jirgin, SNCB, kafin ka hau. Babu zancen "zan biya a ciki". Abin da zai biyo baya ya fi kuɗin tikitin. A jikin kowane tarago akwai lamba 1 ko 2. Mai tikitin aji na biyu da ya ga tarago fayau babu kowa ya baje a ciki, yawanci aji na ɗaya ya shiga, kuma mai duba tikiti zai zo. Ƙofar jirgi ba ta buɗe kanta, sai an danna maɓalli. Sannan kada ka yanki tikitin Brugge-Sint-Pieters, wata 'yar tasha ce daban a gefen gari. Wadda kake so Brugge kawai ake kiranta.

Tashar tana da mafita biyu. Ta gaba ita ke fuskantar tsohon gari, nan bas da tasi suke. Ta baya unguwar Sint-Michiels take kai mutum, wanda ya fita ta nan zai yi ta neman hasumiyar tsakiyar gari bai gani ba.

Kafin ka fita, ka rabu da babban akwati. Akwai akwatunan ajiya na haya a tashar, kuma kuɗinsu bai kai wahalar da za su raba ka da ita ba. Titunan tsohon gari da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe su, ba kwalta ba. Tayar akwati 'yar roba tana faɗawa tsakanin duwatsun, tana ƙara, hannu yana girgiza, in akwatin ya yi nauyi ƙarfen tayar ya lanƙwashe. Duwatsun nan kuma santsi gare su in an yi ruwa, ruwa kuwa ba shi da wata a Beljiyam, ko yaushe yana iya saukowa. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa da muke sawa da babbar riga bai dace da nan ba, silifa ma haka. Sau-ciki mai ƙasan roba ake so, da 'yar lema a jaka.

Daga tasha zuwa Markt, babban dandalin gari, kimanin kilomita ɗaya da rabi ne, minti 20 a ƙafa. Hanyar da ta fi daɗi ita ce ka tsallaka babban titi ka karkata dama zuwa tafkin Minnewater, ka ratsa Begijnhof, tsohuwar unguwar mata masu ibada da aka kafa a 1245, ka fito Katelijnestraat, ka miƙe ta Mariastraat. Mai gaggawa ya bi ta dandalin 't Zand, ya shiga Zuidzandstraat da Steenstraat, titin shaguna, zai faɗo Markt kai tsaye. Ɓata hanya ba ya daɗewa a nan. Tsohon garin siffar ƙwai gare shi, ruwa ya kewaye shi a inda ganuwa take a da, kuma ƙofofi huɗu sun rage a tsaye: Gentpoort, Kruispoort, Ezelpoort da Smedenpoort. Wanda ya saba kwatance da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke zai gane tsarin nan da nan, in ka iso ƙofa ka san ka kai bakin gari, sai ka juya. A tsakiya kuma ɗaga kai kawai za ka yi. Hasumiyar Belfort mai tsawon mita 83 tana kan Markt, kuma ana hango ta daga lunguna da yawa. Mai son hawa ya san matakala 366 ne, masu ƙunci, babu lif, kuma ana kayyade yawan masu shiga, saboda haka gara a yanki tikiti tun da wuri.

Bas na kamfanin De Lijn ne, kuma amfaninsa ga baƙo bai wuce tsakanin tasha da tsakiyar gari ba, ko in akwai tsoho a tawaga. Direba ba ya karɓar tsabar kuɗi. Ko ka sayi tikiti a na'ura ko a manhaja, ko ka kara katin bankinka a jikin farar na'urar da ke cikin bas ɗin. Tikiti ɗaya yana aiki minti 60, kana iya canza bas a cikinsu. In kana jira, sai ka ɗaga hannu bas zai tsaya, in za ka sauka kuma ka danna maɓalli tun kafin a iso. Ba ya tsayawa sai a matsayarsa, ko da ƙofar masaukinka ya wuce. Kabu-kabu babu, tasi kuma ba kasafai ake tare ta a hanya ba. A bakin tasha ko a Markt ake samunta, ko a kira ta waya, kuma tana da tsada ga tafiyar da ƙafa za ta yi a rubu'in awa.

Kati shi ne inda ɗan Najeriya ya fi samun cikas. Katin naira yakan ƙi aiki a waje ko ya zo da iyaka ƙarama, don haka ka tambayi bankinka tun kana gida, ka tafi da katin asusun dala in kana da shi, da 'yan yuro a hannu. In na'ura ta ba ka zaɓi tsakanin yuro da wani kuɗi, zaɓi yuro, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Ka riƙe sulalla ma, domin ban-ɗakin jama'a na kuɗi ne, kuma babu buta a ciki. Gorar ruwa ƙarama tana maganin wannan.

Keke ne abin da zai fi ba ka tsoro, ba mota ba. Ba shi da ƙara, kuma a yawancin titunan da mota ke bi ta hanya ɗaya an yarda keke ya zo ta kowane ɓangare. Ka duba hagu da dama ko da kibiya ta nuna gefe guda, kuma kada ka tsaya ɗaukar hoto a kan layin keke. Mai son haya zai samu a kusa da tasha da cikin gari. A ganina bai da amfani a tsakiya, inda jama'a suka cika, amma ya dace da zagayen bakin ruwa ta wajen Kruispoort, inda tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska suke, ko zuwa ƙauyen Damme, kimanin kilomita 6 a miƙe a gefen ruwa. A mararrabar da babu alama, wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito. Kwale-kwalen da ke yawo a cikin gari da keken doki na Markt na kallo ne, rabin awa su dawo da kai inda suka ɗauke ka, kuma kwale-kwalen ba ya aiki sosai a tsakiyar hunturu.

Harshen garin na Holan ne, kuma Turancin Ingilishi ya fi Faransanci karɓuwa wajen tambayar hanya. Ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke. Mai cin abinci a hanya ya tambaya, domin fitaccen farfesun namansu da giya ake dafa shi, wasu alewar cakulan ma da giya a ciki.

Agogo kuma yana da nasa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinsu ɗaya ne da na Sakkwato, sauran watanni sun riga mu da awa ɗaya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, mutum ya yi ta yawo yana zaton yamma ce alhali jiragen komawa sun fara raguwa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 an yi magariba, azahar da la'asar suna kusa da juna, sai a tsara inda za a yi salla tun kafin a bar masauki. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Ka duba lokacin jirgin ƙarshe a allon tasha tun da ka sauka, ka bar minti 25 na komawa a ƙafa da ɗauko akwati, kuma fasfo ya kasance a jikinka. Lambar gaggawa 112 ce.