Talata: injin yankan ciyawar lambun Alhaji

Yau ban buɗe garaji ba sai bayan azahar. Tun da sassafe Alhaji ya aiko direbansa, wai injin yankan ciyawar lambunsa da ke hanyar Jiratawa ya ƙi tashi, ga damina ta kankama, ciyawa ta kai ƙauri, kuma ranar Asabar akwai walimar aure a wurin. Na ɗauki mitar awon wuta da ƴan kile, na ce wa yarona Sani ya ɗauko samfefa da giris, muka shiga mota.

Irin injin nan ne da ake hawa a zauna kamar ƙaramar tarakta, wuƙaƙensa biyu a ƙarƙashin ciki. Na hannu ne, ta Kwatano ya shigo. Ba su da yawa a Maradi, shi ya sa in ɗaya ya tsaya sai kowa ya kawo nasa hasashe. Baba mai kula da lambun ya riga ya sa an sayo sabon batir a kasuwa, an ɗaura, an murɗa makulli, shiru. Wani kuma ya ce musu demare ne, wato abin da ke juya inji ya tashi, ya ƙone, sai an aika Kano. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ar nan tamu: a yi ta sayen kaya da ka, alhali wuta hanya gare ta, kuma mita tana nuna daidai inda ta tsaya.

Na tambayi Baba yaushe rabon injin da aiki. Ya ce tun kaka, da ciyawa ta bushe aka tura shi ƙarƙashin rumfar kara, nan ya yi hunturu da bazara.

Na fara da batir. Mita ta nuna volt 12.6, cikakke ke nan. Na kunna fitilun gaba suka kama, fiyus ɗin da ke kusa da batir, mai amfiya 20, lafiyarsa lau. Daga nan na koma kan rele, ɗan akwatin da ke tsakanin batir da demare. Manyan wayoyi biyu ne a kansa, ɗaya daga batir ɗaya zuwa demare, sai ƙaramar waya da ke kawo masa umarni daga makulli. Na sa Sani ya hau kujera, ya taka birki har ƙasa, ya murɗa makulli, ni kuma na ɗora bakin mita a kan ƙaramar wayar. Babu komai. Ashe rele ɗin ba a ma gaya masa ya yi aiki ba, balle a ce ya ƙi.

Don in tabbatar, na cire wayar buji, na duba giya tana furi, wuƙaƙe a kashe, sannan na ɗauko guntuwar waya na ba ƙaramin bakin rele wuta kai tsaye daga batir. Ya ce ƙas, demare ya juya inji, amma da nauyi, kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Na riƙe wannan a raina. Aƙalla dai maganar zuwa Kano ta mutu.

Saura tsakanin makulli da rele. A mota hanyar gajera ce, a wannan inji kuwa masu ƙira sun sa masu gadi a kanta. Wutar tayarwa ba ta isa rele sai ta bi ta makunnin da ke jikin birki da wanda ke jikin sandar wuƙaƙe. In ba a taka birki ba, ko an bar wuƙaƙe a kunne, hanya a yanke take. Bayan makulli na samu volt 12 idan an murɗa. Makunnin wuƙaƙe ma ya wuce da ita. A na birki ta shiga ba ta fita ba.

Sai da na kwanta rigingine a ƙasa na haska da fitilar waya na ga abin da ke nan. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a jikin makunnin, daidai kan ɗan maɓallin da ƙarfen birki ke dannawa. Lakar ta bushe ta yi tauri, har da ƙananan ramukan da ƴaƴansa suka fito. Ko an taka birki, ƙarfen kan laka yake sauka, maɓallin bai motsi. Na ɓanɓare ta da bakin sukundireba, na zare soket ɗin, na tarar haƙoransa sun yi kore. Sani ya goge su har suka yi haske. Na kira Baba na nuna masa gutsattsarin lakar a tafin hannuna, ya yi salati ya ce, “Malam, yanzu wannan ne ya ci mana kuɗin batir?”

Aka murɗa makulli, rele ya amsa, amma nauyin nan yana nan. Batir sabo, demare yana jan ƙafa, to akwai inda wuta ke zubewa a hanya. Na sa ɗaya bakin mita a kan ƙafar batir ta mas, wato wadda baƙar wayarta ke ɗaure da gangar jiki, ɗayan a jikin inji, na ce Sani ya murɗa. Mita ta haura volt ɗaya da rabi. A waya mai lafiya bai kamata a ga ko rabin volt ba. Na bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta da gangar jiki, na kwance notin, ƙarƙashinsa jan tsatsa ne fal. Daga sama ba ka ganin komai, notin ma a ɗaure yake tam. Muka kankare wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, muka ɗaure, muka shafa giris a kai saboda ruwan sama.

Esansin da ya kwana wata da watanni a tanki ya canza wari, muka zubar muka zuba sabo. Na mayar da wayar buji. Ya yi tari, ya fitar da hayaƙi, ya kama. Da injin yana gudu mita ta nuna volt 13.8 a kan batir, alamar yana caji.

Nan ne muka ɗan ja da Baba. Ya ce tun da ga ni ga injin, in taimaka in haɗe masa wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, don duk lokacin da ya ɗaga zai kawar da dutse ko reshe sai injin ya mutu, ya gaji da tayarwa. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan taɓa ba.” Makunnin kujera aikinsa ke nan: da zarar nauyin mutum ya bar kujera alhali wuƙaƙe na juyawa, sai ya haɗa wutar buji da mas, inji ya tsaya. Injin nan yana juyi wajen dubu uku a minti guda, wuƙaƙen ba su san bambancin reshe da ƙafar mutum ba. Ga gangare a gefen lambun da ya kalli gulbi, ga jikokinsa da na gani suna bin injin a baya tun da ya tashi. Na nuna masa yadda zai yi: ya kashe wuƙaƙe, ya ɗaure birkin tsayawa, sannan ya sauka, injin zai ci gaba da aiki ba tare da ya mutu ba. Ya gwada, ya ga haka ne, ya ce ba wanda ya taɓa nuna masa. Na kira Alhaji a waya na gaya masa maganar, don kada gobe wani ya zo ya haɗe wayoyin a bayan idona.

Tsohon batir ɗin na taho da shi garaji na sa a caji. Volt 11.9 na samu a kansa, kuma batirin da ya yi zafin bazara a haka ba kasafai yake dawowa ba, amma zan gwada shi da lodi gobe kafin in ce a sayar wa masu gwangwan. Matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, na kakkaɓe ta don ta kai su Asabar, na rubuta wa direba lambarta ya nemo in ya shiga Katsina. Na kuma gaya wa Baba, in kaka ta yi za a ajiye injin, a cire wayar mas daga batir, a kai batir ɗaki mai inuwa ana ba shi caji duk wata, injin kuma a lulluɓe shi da tamfol.