Wasiƙa daga Ingila zuwa ga mawaƙan ikilisiya a gida

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama. Ina lafiya, iyali ma lafiya. Tun zuwana Ingila kuke ta tambayata yadda mawaƙan majami'a suke a nan, wasunku kuma na so in yi bayani kan Lawiyawa, wato kabilar Isra'ila da aka keɓe don hidimar Haikali, mawaƙansu da masu tsaron ƙofa. Bari in fara da abin da ya fi tsaya mini a rai.

Akwai wata tsohuwar majami'ar dutse kusa da masaukina. Sanyin cikinta har ƙashi yake shiga, hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Mutum na zaune da rigar sanyi biyu da safar hannu, in ya buɗe baki sai tururi. Wata Talata da ƙarfe biyar da rabi na yamma, duhu ya riga ya rufe gari, na shiga na tarar mu tara ne kacal a kan benci. Mawaƙan sun fi mu yawa. Suka shigo a jere, yara da manya, suka rera Zabura kamar majami'ar cike take maƙil, ko aya ɗaya ba su tsallake ba. Na ga wani yaro yatsunsa sun yi ja don sanyi, amma idonsa bai bar hannun mai bi da waƙar ba. Na koma washegari, haka na same su.

A nan ne 1 Tarihi 9:33 ta faɗo mini, inda aka ce mawaƙan Lawiyawa a ɗakunan Haikali suke zama, an ɗauke musu sauran hidima, domin dare da rana suna bakin aikinsu. Dawuda ya keɓe mutum 4,000 su yabi Ubangiji da kayan kiɗa. Horarrun gwanaye kuwa 288 ne, a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, masu kuge da molo da garaya, an kasa su kashi 24, kowane kashi mutum 12. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikin: kuri'a aka jefa, babba da ƙarami, malami da almajiri, duk ɗaya. Kenaniya kuma, da aka ɗora shi kan waƙa ranar da aka ɗauko akwatin alkawari, dalili guda Nassi ya bayar: gwani ne. Idan zaɓen shugaban mawaƙa ya zo a bana, ina roƙonku a karanta 1 Tarihi 15:22 kafin a soma duban shekaru ko gidan da mutum ya fito.

Dattawanmu, don Allah ku ma ku duba Nehemiya 13:10. Da aka daina ba Lawiyawa rabonsu, mawaƙa suka watse, kowa ya koma gonarsa. Nehemiya bai tsawata wa mawaƙan ba, shugabanni ya tuhuma. Na san matasan da ke takowa daga nesa zuwa koyon waƙa sau uku a mako da kuɗin motar aljihunsu, ganga ta fashe su ne za su yi karo-karo a gyara.

Zancen masu tsaron ƙofa, su ma 4,000 ne, sai a wasiƙa ta gaba. A gaishe mini da iyayenmu na Zumuntar Mata. Ranar Lahadi ba abin da nake kewa kamar amon tulunsu da guɗarsu.

Naku cikin Ubangiji,
ɗan'uwanku a Ingila