Ranar da na riƙe na'urar tantance masu zaɓe

Ina aji uku a jami'a lokacin da INEC ta nemi ma'aikatan wucin gadi domin zaɓen 2023. Alawus ɗin ne ya fara jan hankalina, don a lokacin ana fama da ƙarancin takardun naira. Masu yi wa ƙasa hidima su ne shugabannin rumfa, mu ɗalibai muna mataimaka. Bayan horo aka damƙa min na'urar BVAS, mai tantance masu zaɓe ta zanen yatsa ko hoton fuska.

Daren Juma'a a wata firamare muka kwana kan tabarmi, kayan zaɓe na gefenmu. Washegari Asabar, 25 ga Fabrairu, muka tarar da layi ya miƙe tun kafin mu kafa teburi.

Wata dattijuwa ce ta fara koya min aikin. Sau uku tana ɗora yatsa, na'ura ta ƙi karantawa, surfe da wanki sun cinye zanen. Layi ya fara gunaguni, ni kuma gumi ya karyo min. Ta ce, “Ɗan nan, tun asuba nake tsaye.” Na ce, “Inna, ɗago fuskarki ki kalle ni.” Hoton fuska ya tantance ta. Da na yi gaggawa na ce ta matsa gefe, da ƙuri'arta ta salwanta a hannuna, kuma babu wanda zai sani.

Wajen ƙirga abin ya fi ratsa ni. Duhu ya yi, aka haska fitilun waya. Shugabar rumfarmu ƴar kudu ce, ba ta jin Hausa, ni nake mata tafinta. Kowace takarda sai ta ɗaga sama, jama'a su amsa lambar baki ɗaya. Aka zo kan wadda tawada ta taɓa gida biyu, wakilan jam'iyyu suka taso. Na tuna masu hidimar ƙasa da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011, gabana ya faɗi. Ita kuwa ta zagaya da takardar kowa ya gani, na fassara ƙa'idar, aka ajiye ta cikin lalatattu. Hayaniya ta lafa.

A Amurka akwai dokar 2002 da ta tanadi tallafin kuɗi ga kwalejoji domin su jawo ɗalibai aikin rumfa. Na ga hikimarsu, don abin da na gani a daren nan ban taɓa jinsa a lakca ba.

Wakilai suka sa hannu a fom ɗin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, muka ɗauki hotonsa, muka manna sakamako a bango. Wani dattijo ya tsaya yana karanta wa na bayansa da ƙarfi.