Godiya ga duk wanda ya sa hannu a fitarmu ta ganin hudowar rana a kan ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya, kowa ya koma gidansa da ƙafafunsa. Tunda ni aka ɗora wa nauyin haɗa wannan tafiya, ni ya kamata in tsaya in yi godiya a madadin kowa, don masu magana sun ce yaba kyauta tukuici. Ba zan kama suna ba, wasu sun roƙe ni kada in yi, amma kowa zai gane kansa a ciki.

Na fara da ku da kuka amsa kira. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya rabu da bargo cikin duhu, ya tashi yara masu magagin barci, ya iso bakin ruwa tun taurari ba su ɓace ba. Na ji mitar da aka yi ta yi a kan lokacin taruwa, wai me ya sa ba za a bari gari ya waye ba. To ai abin da aka je kallo yana farawa ne tun rana ba ta leƙo ba. Masana sararin sama sun raba hasken asuba gida uku: farkonsa lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin inda sama ta haɗu da ƙasa, na biyu daga digiri 12, na ƙarshe daga digiri 6, wanda shi ne ake iya gane fuskar mutum ba tare da fitila ba. Duniya kuwa tana juya digiri 15 ne a kowace awa, ba ta jiran mai neman takalminsa. Wanda ya makara da rabin awa, rana kawai zai tarar, launukan sun riga sun wuce. Na gode da kuka yi haƙuri da ni da kiran wayar da na dame ku da shi.

Babbar godiyata ga Baba mai jirgi take, kuma a nan zan ɗan daɗe. Tun kafin mu iso ya duba injinsa, ya kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgi, ya jera rigunan kariya a bakin gaɓa. Ya ƙirga mu da kansa, ya sake ƙirgawa. Da wasu baƙi suka zo ba tare da sanarwa ba suna neman a sama musu wuri, sai ya ce jirgi ya ɗauki iya abin da zai ɗauka. Aka yi magiya, aka ce ai mutum biyu ba wani nauyi ba ne, ya girgiza kai ya ci gaba da warware igiya. A lokacin wasu sun ga kamar ya cika tsauri. Ni dai ina tare da shi, jiya da yau. Shi ya zaunar da kowa, masu jiki a tsakiya, dama da hagu daidai wa daida, yara kusa da iyayensu. Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaura wa yara riga: sai ya ja maɗaurin ya tsuke, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama. Idan rigar ta haura ta rufe kunnuwan yaro, sai ya kwance ya sake ɗaurawa, ya ce wadda ta yi sako-sako a tudu, a cikin ruwa sulɓewa za ta yi ta bar mai ita. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, mu manya muna ta duba agogo.

Da muka tashi, wani yaro ya tambaye shi me ya sa fitilar gefe ɗaya ja ce, ta ɗaya gefen kuma koriya. Ya amsa masa kamar yana magana da babba: ja a hagu, koriya a dama, fara a baya, don duk wanda ya hango ka cikin duhu ya san inda ka dosa. Haka tsarin yake a dokokin kauce wa karon jiragen ruwa na duniya na shekarar 1972, kuma abin sha'awa ne ka ga ana aiki da shi a ƙaramin jirgi, ba don tsoron wani jami'i ba.

Sai hazo. Mun ɗan yi nisa, Gamzaki na nan a gabas yana ƙyalli, sai muka ga wani farin tururi yana tasowa daga fuskar ruwa, kafin a jima gaɓar da muka baro ta ɓace. Ruwa ya fi iska da ƙasa riƙe zafi, saboda haka idan iskar dare mai sanyi ta kwanta a kan ruwa mai ɗumi, danshin da ke tashi sai ya koma hazo nan take. Baba ya rage gudu. Ba a daɗe ba inji ya canja murya, jirgi ya yi wata girgiza, ya kashe shi da sauri. Wata tsohuwar komar kamun kifi ce da aka yasar, haɗe da ciyawar ruwa, ta nannaɗe farfela. Ga hazo, ga shiru, ga ruwa yana jan mu a hankali. Ba zan ɓoye ba, cikin kowa ya ɗuri ruwa. Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya miƙe." Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, kuma wannan natsuwar tasa ce ta riƙe mu. A ƙaramin jirgi, mutane su firgita su karkata gefe ɗaya ya fi mutuwar inji haɗari nesa ba kusa ba.

Yaron jirginsa ma ya cancanci yabo na musamman. Shi ya ɗauki usur yana busawa da ƙarfi, ya dakata kaɗan, ya sake busawa, kamar yadda ƙa'ida ta ce a cikin hazo kada a bar fiye da minti 2 ba a yi sautin da wani jirgi zai ji ba. Shi ne kuma ya kwanta a bayan jirgi ya zura hannu cikin ruwa har kafaɗa yana fama da igiyoyin komar, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Allah Ya yi maka albarka, ƙanena.

Usur ɗin nan ne ya kawo mana masunta biyu, wani dattijo da ɗansa, a cikin kwale-kwalensu. Muryarsu muka fara ji tun ba mu gan su ba, don da sassafe sauti yana tafiya nesa a kan ruwa. Suka bar aikinsu a daidai lokacin da kamu ya fi kyau, suka matso da filafili, ɗan ya riƙe gefen jirginmu, uban ya zaro wuƙa daga ƙugu. Ya riƙa yanka igiyar zare-zare, yana juya farfelar da tafin hannu, yana jawo abin da ya yanke yana jefawa cikin kwale-kwalensa maimakon ya mayar ruwa, wai kada ta kama wani gobe. Da aka gama na miƙa masa ɗan hasafi na ce, "Baba, a yi haƙuri da wannan." Ya ture hannuna ya ce, "Haba ɗana, yau ku ne, gobe mu ne." Ko sunansu ba mu samu tambaya ba. Idan wannan saƙo ya kai ga wanda ya san su, don Allah a isar musu da gaisuwarmu da godiyarmu.

Ana cikin wannan aiki ne rana ta fito, kuma inji a kashe. Ban ce na ji daɗin matsalar ba, amma da injin yana aiki da ƙararsa ta cinye rabin abin. Hazon ya fara yin ja daga ƙasa, ya koma ruwan goro, sannan ya yage gida-gida. Balbelu suka wuce a jere ƙasa-ƙasa, wani zalɓe yana tsaye a kan kututture ko motsi bai yi ba. Gani ya kori ji.

A nan ne Malamarmu, wadda ta daɗe tana koyar da ilimin ƙasa, ta ɗauke hankalin yara daga tsoro, kuma ina ganin da gangan ta yi. Ta ce musu ranar nan da kuke gani a bakin ruwa, a gaskiya ba ta ƙarasa fitowa ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske da kusan rabin digiri, faɗin rana a idonmu shi ma kusan rabin digiri ne, saboda haka muna ganinta tun tana ɓoye. Ta ce jan da take yi kuma saboda hasken yana ratsa iska mai yawa ne a wannan lokaci, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan goro su iso. Da ta ce hasken ya yi tafiyar kilomita kusan miliyan 150 cikin minti 8 da daƙiƙa 20, sai wani yaro ya ce to shi ma ya makara kenan. Aka kwashe da dariya, dariyar farko tun mutuwar inji. Ita ce kuma ta karɓe abin hangen nesa daga hannun wani matashi da ya saita shi wajen rana, ta ce wannan yana iya ƙona ido cikin ƙiftawa. Malama, Allah Ya ƙara ilimi mai amfani.

Na gode wa 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta kula da baiwar Allah da jiri da tashin zuciya suka kama. Ta matsar da ita tsakiyar jirgi inda kaɗawa ta fi sauƙi, ta ce ta ajiye waya ta kafa ido a kan abu mai nisa, kuma cikin ikon Allah ta samu sauƙi. Na gode wa Yayanmu da ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa wa yaron jirgi. Mutane da yawa ba su san cewa sanyi ya fi tsanani daidai fitowar rana ba, don ƙasa ta kwana tana fitar da zafinta, kuma jiƙaƙƙen jiki a cikin iska yana saurin yin sanyi ƙwarai. Haka waɗanda suka kwaso marasa abin hawa daga gidajensu, da wadda ta riƙe jerin sunaye ta kira kowa a tafiya da dawowa, duk Allah Ya saka da alheri.

Akwai ƙorafi ɗaya, kuma gara in faɗe shi a fili. Waɗanda suka kwance rigar kariya don hoto ya yi kyau, har wani ya miƙe tsaye a kan benci bayan an hana, wannan bai dace ba ko kaɗan. Baba bai ce komai ba saboda kara, amma na ga fuskarsa. Idan Allah Ya nuna mana wata fitar, sharaɗi ne: riga a ɗaure daga hawa har sauka, wanda bai yarda ba ya jira mu a gaɓa.

Ga baƙinmu biyu da ba su samu wuri ba, ku yi mana afuwa, sunayenku ne a farkon jeri na gaba. Masu hotuna da bidiyo su turo wa mai riƙe da jerin sunaye ta haɗa su wuri ɗaya, amma kada a saka hoton yaran wani a fili sai an tambayi iyayensu. An kuma tsinci hular sanyi ta yaro da tabarau a ƙarƙashin benci na baya, suna wurina, mai su ya yi mini magana.

Allah Ya bar zumunci, Ya tsare Baba da yaronsa da masuntan nan a duk inda suke a kan ruwa. Na gode ƙwarai.